Keken Jarirai da Jakar Ɗumi: Wa Ya Ce Bayan Uwa Ya Tsufa?

Wani baƙon kaya ya shigo cikin kayan barka a ƙasar Arewa, kuma tun da na ga kowa yaba shi yake yi, bari ni in faɗi wadda ba a son ji. Arewar da nake nufi ita ce tamu ta Nijar, ta Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri da Dogon Kiriya, ko da yake ina jin maganar za ta sami ƴan'uwanmu na Sakkwato da Kano a inda suke zaune. Kayan kuwa shi ne keken tura jariri, wanda ƴan lakwal ke ce wa pusat, haɗe da wata jaka mai gashi-gashi a ciki kamar buzu, wadda ake zura yaro cikinta tun daga ƙafa har ƙirji a ja zif. Faransawa na kiranta chancelière. Mu ba mu raɗa mata suna ba tukuna, don haka zan kira ta jakar ɗumi. Da can sai a Yamai ake ganin irin wannan, a gidajen manyan ma'aikata. Yanzu da zarar jaura ta kama, sai ka ga hotonta na yawo a WhatsApp: ga jariri tsundum cikin jaka, ga keke a tsakar gida ya nutse cikin rairayi, ga uban ya dafa shi yana murmushi kamar wanda ya sayi mota.

Abin da nake cewa shi ne, muna sayen kwalliya da sunan maganin sanyi. Muna sauke ƴaƴanmu daga jikin uwa, inda ɗumi yake kyauta dare da rana, muna zuba su cikin buhun da aka ɗinka don wata ƙasa da wani yanayi.

Kada wani ya ɗauka raina sanyi nake yi. Wanda ya taɓa kwana a Dogon Kiriya cikin watan Janairu ya san abin da ake kira ɗari. Da asuba ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, ga iska mai tsaga leɓe, ga ɗakunanmu na kwano da ke sakin zafinsu tun farkon dare. Ina ganin yaran ajina da safe, hannuwa cikin hammata, alli ma ba ya riƙuwa sai hantsi ya fito. Waɗannan fa yara ne masu shekara goma sha ɗaya da goma sha biyu, masu gudu da tsalle. To ina ga wanda aka haifa shekaranjiya?

Jariri ba ƙaramin babba ba ne. Fatarsa siririya ce, kitsensa kaɗan ne, kansa kuma babba ne idan aka gwada shi da sauran jikinsa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin fatarsa a kai yake. Babba idan sanyi ya kama shi sai ya yi makyarkyata, kuma wannan rawar jikin ita ke tayar masa da zafi. Sabon haihuwa ba ya iya wannan. Wani ɗan kitse na musamman yake ƙonawa, wanda ke tsakanin kafaɗunsa da kewayen ƙodarsa, kuma ƙona shi na cin sukarin jini da iskar numfashi. Idan ya ƙare, yaro sai ya yi laƙwas, kukansa ya yi rauni, ya ƙi kama nono. Mu kuma sai mu ce yaron nan akwai haƙuri, ba ya rigima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, duk abin da ya gaza 36.5 sanyi ya fara cinsa, idan ya kai ƙasa da 32 kuwa rai na hannun Allah. Ta kuma ce ɗakin da za a haihu a ciki kada ya gaza digiri 25. Sai mai karatu ya gwada wannan da ɗakin mai jego a ƙauyukanmu da ƙarfe biyar na asuba.

Saboda haka damuwar uban da ya sayi jaka damuwa ce ta gaskiya. Maganin da ya sayo ne ba na cutar ba.

A makarantar horon malamai ta Doso an koya mana cewa idan kana son yaro ya gane abu, ka bar shi ya gani da idonsa. Kowace shekara idan muka zo darasin zafi da sanyi nakan tambayi aji: bargo yana da zafi? Duka su ce e, Mushe. Sai in sa ma'aunin zafi cikin bargo, mu naɗe shi, mu ajiye a inuwa, mu ci gaba da lissafi. Bayan awa guda a buɗe, ma'aunin na nan inda yake, ko ɗigo bai ƙara ba. Sai in tuna musu da mai sayar da ƙanƙara a tasha, wanda ke naɗe ta cikin buhu don kada ta narke, da kular da uwarsu ke zuba tuwo ya kai dare da zafinsa. Bargo da buhu da kula duk aikinsu ɗaya ne, tsare abin da aka ba su. Ka ba su zafi su tsare, ka ba su sanyi su tsare. Jakar ɗumi ƴar'uwarsu ce. Ba ta da wuta ko ta ƙwayar ashana. Idan ka sa yaro ɗan shekara guda mai ƙoshin lafiya, wanda jikinsa ke tafasa da kansa, za ta tsare masa zafinsa. Idan ka sa ɗan kwana goma da ya riga ya huce, ko bakwaini, to ka sa ƙanƙara cikin buhu. Jikin uwa kuwa murhu ne mai digiri 37 wanda ba ya mutuwa, ba ya son gawayi, kuma nono na nan kusa. Yaran CM2 na gane wannan cikin awa ɗaya. Iyayensu ne suka gagare ni.

Sannan a tambayi inda keken ya fito da abin da aka yi shi dominsa. A shekarar 1733 wani mai zanen gidaje da lambuna a Ingila, William Kent, ya ƙera wa wani basarake, Duke na Devonshire, ɗan keken yara wanda akuya ko ɗan ƙaramin doki zai ja a cikin lambun gidan sarauta. Tun farkonsa ke nan kayan nuna isa ne. Irin mai naɗewa da muke gani yau kuwa, wani injiniyan jiragen sama mai suna Owen Maclaren ya fito da shi a 1965. An yi shi don daɓen siminti na gefen titi, da shiga jirgin ƙasa, da manyan kantuna masu santsin ƙasa. Jakar kuma an ɗinka ta don hunturun da ruwa ke daskarewa, inda sanyin safe da na azahar duk ɗaya ne, uwa kuma na sanye da riguna uku da kwat, ta yadda ko ta goya yaron ɗuminta ba zai kai gare shi ba. A can abin na da ma'ana, ban musa ba.

A nan fa? Ban da gudron ɗin da ya ratsa Dutsi ya nufi Ƙonni, ina ne za a tura keken? Daga ƙofar gida zuwa rijiya rairayi ne, zuwa kasuwa rairayi, zuwa likita rairayi. Ƙananan tayoyin roba na nutsewa tun taku na uku, sai ka ga mace ta sunkuya tana jan keke da baya kamar mai jan tunkiyar da ta ƙi tafiya, ko kuma ta ɗauki yaro a hannu ɗaya, keke a ɗaya hannun. Wanda aka sayo don ya rage mata kaya ya zama kaya na biyu. Tsidau na jiran tayar, ƙarangiya na jiran gashin jakar, kuma duk wanda ya taɓa tsince ƙarangiya daga bargo ya san ba a gama ta, ko an wanke sai wata ta maƙale ta jira fatar yaro.

Ga kuma ƙura. Hazon da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso shi, wannan kowa na shaƙa. Amma ƙurar da ƙafar dabbobi da amalanke da kabu-kabu ke tayarwa a ƙasa-ƙasa take, kuma hancin yaron da ke cikin keke bai kai tsayin ƙugun babba ba, daidai bakin salansar babur. Wanda ke goye yana sama, fuskarsa a jikin uwarsa. Uwa mai hankali idan ta ga ƙurar sai ta yafa zani ta rufe keken ruf, ta kuwa faɗa wata matsalar, don masu bincike a jami'ar Sidni ta Ostareliya sun auna a 2023 sun ga rufe keken jariri da busasshen mayafi na iya ƙara zafin cikinsa da kusan digiri 4. Mu kuwa sanyinmu munafuki ne. Ranar da ta fara da digiri 15 da asuba, kafin azahar ta haura 30. Jakar da aka yi wa ƙanƙarar Faransa, an ja zif tun safe, an tafi gidan suna, an shagala da gaisuwa, rana ta take. Yaro ya jiƙe sharkaf da gumi, a fito da shi a cikin iska, gumin ya bushe a jikinsa ya kwashe ɗan zafin da ya rage. An dafa shi, an kuma sanyaya shi, duk a wuni ɗaya. Uwar da ke goye da ɗanta ba ta buƙatar ma'auni, bayanta ke gaya mata ya yi gumi ko ya huce, ko numfashinsa ya sauya, tun kafin ya yi kuka.

Wani abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ake haɗa jakar da keken. Kusan duk wanda ke shigowa nan bosho ne, wato gwanjo, ya biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Lome, ya sauka kasuwannin Yamai, ya gangaro mana. Keken daga wani gida, jakar daga wata ƙasa, takardar bayani kuwa ta ɓace tun a Turai. Alhali jakar na da tsaga-tsaga a bayanta, kuma ba ado ba ne. Ta nan ake zura maɗauran keken guda biyar, biyu na kafaɗa, biyu na ƙugu, ɗaya na tsakanin ƙafafu, domin a ɗaure yaron kansa a cikin jakar. Idan tsagar ba ta zo daidai da maɗaurin ba, ko maɗaurin ya tsinke tun wurin mai shi na farko, me mutanenmu ke yi? Sai a shimfiɗa jakar haka nan a kan kujerar, a sa yaro, a ja zif, a ce ai ba nisa za mu ba. Cikin jakar santsi ne da shi. Keke na karo da dutse ko ya tuntsura cikin yashi, yaro ya zame ƙasa cikin jakar fuskarsa ta nutse cikin gashi, ko jakar ta sulale da shi gaba ɗaya. Wasu kuma su ɗaura maɗaurin ta saman jakar, ya matse auduga, yaron na ciki sako-sako. Ƙari a kan haka, yawancin waɗannan kekunan na zama ne, an yi su don yaron da ya kai wata shida, wanda wuyansa ya tsaya. Ɗan sati uku idan aka jingine shi a zaune, kansa na rinjaya gaba, haɓa ta dafe ƙirji, hanyar numfashi ta matse, kuma ba zai yi ƙara ba. Mai bosho bai san wannan ba, ba kuma aikinsa ba ne ya sani. Shi dai ya ce maka na Turai ne, ka taɓa ka ji laushi.

Abin dariya, abin kuka, su waɗanda muke kwaikwayo sun daɗe da juyowa wajenmu. A farkon shekarun 1960 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Ann Moore, ta yi aikin sa-kai a Togo. Ta ga mata na goyon ƴaƴansu da zani, ta lura yaran ba su cika kuka ba. Da ta koma gida ta haihu, ita da mahaifiyarta suka ɗinka abin goyo, ta yi masa rajista a 1969, aka sayar da shi da sunan Snugli a Amurka da Turai. Wato zanin goyo aka ɗauka aka sa masa maɗauri da suna da farashi. Ba zan yi mamaki ba idan gobe na gan shi cikin bosho a kasuwar Dutsi ana ce mana sabon yayi ne.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne abin da ya faru a Bogota, babban birnin Kwalambiya, a 1978. Asibitin haihuwa na can ya cika da bakwaini, kwalaben renon jarirai ba su isa ba, ana cusa biyu ko uku cikin ɗaya, cuta na yawo tsakaninsu. Wani likitan yara, Edgar Rey Sanabria, ya ce a kwantar da jaririn tsirara a ƙirjin uwarsa, tsakanin nonuwanta, fata da fata, a sa masa hula, a ɗaure su tare da zani. Aka kira abin renon kangaru, da sunan dabbar nan ta Ostareliya da ke renon ɗanta cikin aljihun cikinta. Aka yi ta gwadawa shekara da shekaru. A 2021 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Gana da Indiya da Malawi da Najeriya da Tanzaniya, kan jarirai sama da 3,000 masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8. Waɗanda aka ɗora a ƙirjin uwa nan take, mutuwarsu cikin kwana 28 na farko ta ragu da kashi 25 cikin 100 idan aka gwada da waɗanda aka fara ajiyewa cikin na'ura. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta, ta ce duk bakwaini da duk wanda bai kai kilo 2.5 ba, in dai ba yana cikin halin rai-kwakwai-mutu-kwakwai ba, a fara masa da ƙirjin uwa tun daga haihuwa, awa 8 zuwa 24 a rana.

A duba fa. Kwalbar renon jarirai, mai miliyoyin kuɗi, mai aiki da lantarki, wadda ita tana da wutar kanta, ita ma an ce ƙirjin uwa ya sha gabanta. Balle buhun gashi. Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa riƙe wannan da hannu biyu. Daga Dutsi zuwa Doso kilomita sama da 130 ne, daga ƙauyukan Dogon Kiriya kuwa kafin ma a kai Dutsi an sha tafiya. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta aka shiga watanni ana ɗauke-ɗauke. Ƙirjin uwa bai ɗauke ba ko na minti ɗaya.

To wa ke kawo mana wannan yayin? Ba matan karkara ba ne. Mu ne, masu albashi da ƴan boko, malamai da ma'aikatan likita da na mairi, da ƴan ci-rani masu dawowa daga Legas da Abijan da Libiya da son a san sun dawo. A garuruwanmu abin da matar mushe ta yi bana shi amaryar manomi za ta nema baɗi. Na ji da kunnena wata ƴar boko na cewa ita ba za ta yi goyo ba, goyo na zubar da nono kuma na ƴan ƙauye ne. Na kuma ga gidan da aka sayi keke da jaka da kuɗin da ya isa buhun hatsi, alhali mai jegon kunu take sha ba ƙuli ba nama. An ɗauki hoto, an tura wa dangi, keken ya koma bayan ƙofa an tara masa wanki. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ku kuma maza ƴan'uwana, na gane sirrin. Keken shi ne hanya ɗaya tak da namijin Bahaushe zai fita da jaririnsa ba a yi masa dariya ba, don yana da taya, ya yi kama da inji. Amma ƙirjin namiji ma digiri 37 ne. Masu renon kangaru sun ce uba na iya karɓar uwa, kaka ma na iya, domin mai jego ta yi wanka ta runtsa. A cikin ɗakinka, cikin babbar rigarka, wa zai gan ka? Wanda ke iya rungumar ɗan rago sabon haihuwa ya kai shi kusa da wuta don kada sanyi ya kashe masa jari, bai kamata ya ji kunyar ɗansa ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce Mushe, kai namiji ne, ba ka taɓa yin daka da yaro a baya ba, ba ka san ciwon ƙugu ba. Gaskiya ne. Akwai wadda aka yi wa tiyata aka ciro yaron, akwai mai tagwaye, akwai mai lalurar ƙafa ko ta baya, akwai ma'aikaciya a Yamai ko Maraɗi da ke da daɓen da za ta tura keke a kai. Akwai kuma abin da ya fi ci mini rai a matsayina na malami: idan uwa ta gaji, ƴarta mai shekara bakwai ake ɗaura wa ƙanenta, kujerarta a aji ta zauna wayam. Idan keke zai dawo mini da yarinyar nan lakwal, ni da kaina zan tura shi. Sai dai a ƙauye ba ya dawo da ita, ita ɗin ce ma ake ba turin. Wanda lalura ta sa shi sayen keke ban da faɗa da shi, illa in ce ya yi abin bisa ƙa'ida. Yaron da bai kai wata shida ba sai a keken da ke kwantawa shimfiɗe. A kwance maɗauran, a shimfiɗa jakar, a zura kowane maɗauri ta tsagarsa daidai kafaɗar yaro, a ɗaure shi a jikinsa yadda yatsu biyu kawai za su shiga, sannan a ja zif ya tsaya a ƙirji, kada ya kai haɓa. Hantsi na fitowa ko an shiga ɗaki a zuge. A riƙa taɓa ƙeyarsa, in da gumi a rage kaya. Kada a bar shi ya kwana ciki. In kuwa maɗauri bai shiga tsagar ba, wannan jakar ba ta wannan keken ba ce, a mayar wa mai ita.

Kada kuma iyayenmu mata su ji daɗi su ce yau Mushe ya tsaya mana. Ina da magana da ku, Inna, cikin ladabi. Sanyin da ke kashe jarirai a Arewa ya girmi keken nan da shekaru aru-aru, kuma wani a hannunku yake shigowa. Yaro na faɗowa, kafin ya ji ɗumin uwarsa, an ɗauke shi an kai bayan ɗaki ana cuɗa da sabulu da soso, wai in ba a wanke shi nan take ba zai yi ƙarni har ya tsufa. Wannan farin maiƙon da kuke kankarewa rigarsa ce ta farko, tana tsare fatarsa. Jiƙaƙƙen jariri a cikin iskar asuba na zubar da zafi kamar randa. Masana lafiya sun ce a goge shi da busasshen zani, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a rufe su tare, a ba shi nono cikin awa ta farko, wanka kuma a jira awa 24. Ban taɓa jin wanda aka hana aure don an jinkirta masa wankan haihuwa da kwana ɗaya ba.

Sai kaskon wuta. A cika shi da gawayi, a shigar ɗakin mai jego, a toshe taga da tsumma, a ja ƙofa. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, babba ya tashi da ciwon kai da jiri, jariri kuwa mai yiwuwa bai tashi ba. Hayaƙin itace da kara shi ma yana ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo wa yara ciwon haƙarƙari. A ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Goyon ma kansa ana yi masa sakaci. Sau nawa muke ganin mace ta nufi rijiya da sassafe, yaro a baya, jiki a rufe amma kai a waje ba hula, ƙafafu biyu na reto ba safa? Ko a hau kabu-kabu da shi iska na dukan maɗigarsa? Ko kuma a wuce gona da iri, a lulluɓe shi da hijabi da bargo har ba ta inda zai shaƙi iska? Ɗan kwanaki kuma, wanda wuyansa bai yi ƙwari ba, wurinsa ƙirji ne inda ido ke ganin fuskarsa, bayan ya biyo daga baya. Duk waɗannan gyaransu bai kai kuɗin tayar keke ɗaya ba.

Da ungozomomi da ma'aikatan likita da gidajen rediyon karkara za su ba wannan maganar rabin ƙarfin da ake ba sanarwar suna da biki, da an ga bambanci cikin hunturu ɗaya. Uwa ta san cewa in ta taɓa cikin jariri da tafin ƙafarsa ta ji su da sanyi, ga shi ya ƙi nono, to ba haƙuri ba ne. Ta tuɓe shi ta manna a ƙirjinta, ta sa masa hula, ta rufa, a nufi likita da shi a haka. Tun 2006 doka ta ce duba yaran da ba su kai shekara biyar ba kyauta ne a ƙasar nan, kuma ko ranar da aka ce magani ya ƙare, a je ɗin ya fi a zauna.

Wanda kuma ke shirin kai barka cikin jaurar bana yana son a san ya kawo abu, ga abin da zai saya: hula biyu ta ulu daidai kan jariri, safa, zannuwan atamfa masu kauri, majanyi mai ƙarfi, da riga mai faɗi mai buɗewa ta gaba wadda za ta ɗauki uwa da ɗa tare. Canjin da ya rage ya sayi hatsi da gyaɗa da nama ya aika wa mai jego.